Yarinyar Da Ke Cin Maki Amma Taswira Ta Gagare Ta: Nazarin Aikin Gida a Lissafi, Labarin Ƙasa da Kimiyya

Yarinyar da wannan nazari ya shafa shekarunta 12, wato tana matakin ajin farko na ƙaramar sakandare. Mahaifiyarta ce ke karantar da ita a gida, tun bayan da doguwar jinya ta sa ta yawan fashin makaranta har karatu ya soma yi mata nisa. Uwar ba malama ba ce, amma mace ce mai tsari da naci. Ta sayi littattafan da manhaja ta tanada, ta sauke takardun atisaye daga intanet, ta raba wa ranakun mako darussa: lissafi kullum da safe, labarin ƙasa sau biyu, kimiyya sau biyu. Duk takardar da yarinyar ta gama, uwar kan gwada ta da takardar amsoshi, ta sa maki da jan biro, ta jera a fayil.

Wanda ya buɗe fayil ɗin nan ba zai ga abin kushewa ba. Rubutu tsaf, maki takwas ko tara cikin goma kusan a kowane shafi. Abin da ya tayar wa uwar hankali har ta nemi shawarata tambaya ɗaya ce rak, a darasin labarin ƙasa. An ba da taswira mai ma'aunin 1:50,000, aka nuna wurare biyu da tazarar santimita 7 a tsakaninsu, aka ce a faɗi nisansu na zahiri. Yarinyar ta ninka 7 da 50,000, ta sami 350,000, ta rubuta kilomita a gabansa, ta ja layi biyu a ƙasa, ta wuce tambaya ta gaba.

Ninkawar daidai take. Amsar ita ce santimita 350,000, wato kilomita 3.5, tafiyar da mutum zai yi a ƙafa bai cika awa guda ba. Abin da ta rubuta kuwa ya kusa nisan da ke tsakanin duniya da wata, wanda ya kai kimanin kilomita 384,400. Mantuwa da canza ma'auni ƙaramin abu ne, kowa na yi. Abin damuwar shi ne lambar ba ta girgiza ta ba ko kaɗan. Da uwar ta ce mata, "Ke, sake duba amsar nan," sai ta sake ninkawa, ta ɗago ta ce, "Umma, ai daidai ne."

Inda gizo yake saƙa

Shawarar farko da na bayar ita ce a ajiye biro da takarda, a yi mata tambayoyi da baka, a bar ta ta yi magana ba tare da an katse ta ba. Aka tambaye ta: idan an haɗa 12/13 da 7/8, amsar za ta fi kusa da 1, ko 2, ko 19, ko 21? Ta ce 19, domin 12 da 7 sun ba da 19. Wannan tambaya tsohuwa ce, an yi ta a wani gwajin ƙasa baki ɗaya a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na 'yan shekara 13 suka ce 2. Fiye da rabinsu 19 ko 21 suka zaɓa. Saboda haka yarinyar ba ita kaɗai ba ce, kuma ba daƙiƙanci ba ne. Tana kallon 12/13 a matsayin lambobi biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Ba ta ganin adadi ne guda wanda ya kusa cika ɗaya.

Aka zana mata hoto mai faɗin santimita 4 da tsawon 6, aka ce za a ƙara masa girma ba tare da siffarsa ta ɓaci ba, faɗin ya koma 6. Nawa tsawon zai zama? Ta ce 8, tunda an ƙara 2 a faɗi sai a ƙara 2 a tsawo. Amsar 9 ce, domin an ninka faɗin sau ɗaya da rabi ne. A kimiyya kuma aka tambaye ta dalilin da ya sa ake samun lokacin zafi da na sanyi, ta ce duniya ce ke matsowa kusa da rana sannan ta ja da baya. Littafinta bai faɗi haka ba, kuma ta ci maki cikakke a takardar wannan babin makonni kaɗan kafin nan.

Daga nan aka gane ba matsaloli uku ake fama da su ba. A lissafi da taswira abu ɗaya ne ya ɓace: fahimtar gwargwado, wato yadda abu biyu ke tashi ko sauka tare ta hanyar ninkawa. Wannan shi ne ginshiƙin lissafin ƙaramar sakandare. Kashi cikin ɗari, gudun mota, ma'aunin taswira, nauyin abu idan an gwada da girmansa, gangaren layi a aljabara, duk a kansa suke zaune. Yaron da ya tsallake shi bai riƙe ba zai yi ta tuntuɓe da shi a darussa daban-daban, iyaye su zaci kowane darasi da nasa ciwon.

To me ya sa fayil ɗin bai nuna ba? Da muka zauna muka duba takardun ɗaya bayan ɗaya, dalilin ya fito fili. Kowace takarda irin tambaya guda take ɗauke da ita, kuma an rubuta sunan hanyar a samanta. Idan kan takarda ya ce haɗa sassa (wato lambobi irin su 12/13) masu lambar ƙasa iri ɗaya, yaro ba ya bukatar tunanin wace hanya zai bi, an riga an zaɓar masa. Zai dubi misalin farko ya yi ta kwaikwaya har ƙasa. Sannan ana yin takardar ne a ranar da aka koyar da darasin, lokacin da komai ke nan daram a ka. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna yadda abin da aka haddace ke zubewa da sauri cikin kwanakin farko idan ba a koma masa ba. Na uku, uwar amsa kawai take dubawa, domin ita ce a takardar amsoshi. Hanyar da yarinyar ta bi ta isa can ba ta taɓa shiga idonta ba.

Ban ga laifin uwar a nan ba. Malamin aji yana da yara talatin ko fiye, idan goma suka faɗa rami ɗaya zai gane akwai rami. Mai karantarwa a gida ɗalibi ɗaya gare shi, ba shi da wanda zai gwada shi da shi, saboda haka makin nan na jan biro shi ne kaɗai abin da ke kwantar masa da hankali. Amma yana da abin da malamin aji ke nema bai samu ba: zai iya zama minti goma yana sauraren yaro ɗaya yana bayani.

Sanda da inuwa

Aka yanke shawarar a ba ta aiki ɗaya babba wanda ba zai yiwu ba sai da darussan uku, kuma wanda lambobinsa ita za ta auno da hannunta. Aka zaɓi auna kewayen duniya da sanda.

Hanyar ta samo asali ne daga Eratostenis, shugaban ɗakin karatu na Iskandariya, wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya sami labarin cewa a garin Sayin, wanda yau ake kira Aswan a kudancin Masar, akwai rana ɗaya a shekara da idan rana ta take tsaka haskenta kan sauka har gindin rijiya, abin da ke tsaye ba ya yin inuwa. A Iskandariya kuwa, a wannan lokacin, inuwa na nuna karkata ta kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira, wato digiri 7.2. Ya ɗauki tazarar garuruwan biyu a matsayin sitadiya 5,000 (sitadiya ma'aunin nisa ne na Girkawan da), ya ninka sau 50, ya sami 250,000. Masana sun yi saɓani a kan tsawon sitadiyar da ya yi aiki da ita, amma hanyar ba ta da tangarɗa. Bayansa Halifa Ma'amun ya tura masana taurari wajen shekarar 830 su auna tsawon digiri ɗaya a filin Sinjar, Biruni kuma a farkon ƙarni na 11 ya bi wata hanyar daban, ta amfani da tsayin dutse a Nandana da ke Pakistan ta yau. Uwar ta karanta mata wannan tarihin, amma da gangan aka ɓoye mata lambar kewayen duniya da ake da ita yau.

Tunda ba su da wani a gari na biyu da zai auna tare da su, sai aka jira ranar da dare da yini ke daidaita, wajen 20 ko 21 ga Maris. A ranar, rana kan tsaya daidai kan ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, da tsakar rana, saboda haka ikwaita ta zama Aswan ɗinsu, wurin da babu inuwa.

Makonnin da suka rage kafin ranar su ne suka fi amfani a wurina, fiye da ranar kanta. Aikin kimiyya na farko shi ne gano tsakar rana ta gaskiya. Yarinyar ta kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a wuri mai shimfiɗe, ta riƙa sa alama da alli a ƙarshen inuwar duk bayan minti goma, daga hantsi har rana ta karkata. Ta yi tsammanin inuwar za ta fi gajarta da ƙarfe 12 daidai. Ba haka ta gani ba, sai bayan sha biyu da 'yan mintuna masu yawa. Ta zaci agogon ne ya lalace, ta ɗauko wayar uwarta ta gwada, ta ga lokaci ɗaya suke nunawa.

Uwar ta kira ni a kan wannan, tana so in ba ta amsar da za ta faɗa wa yarinyar. Na roƙe ta ta bar tambayar ta kwana, ta mai da ita aikin labarin ƙasa na washegari. Aka ba ta abu biyu kawai: duniya na juyawa digiri 360 cikin awa 24, kuma ƙasa guda kan bi agogo guda ko da tana da faɗi. Sai da ta sha fama kafin ta raba 360 da 24 ta sami digiri 15 a awa, sannan ta gano cewa digiri ɗaya minti 4 ne. Daga nan ta fahimci cewa agogonsu an saita shi ne da wani layin tsaye, wato cikin layukan taswira da ke tafiya daga arewa zuwa kudu, da ke gabas da su, rana kan isa can kafin ta iso kansu. Nan ne labarin taron Washington na 1884, wanda ya tsayar da layin da ya ratsa Girinwic ta Ingila a matsayin mafarin ƙirga layukan tsaye, ya sami wurin zama a kanta. Da can jimla ce da ta haddace don cike gurbi a takarda. Akwai kuma wani ɗan bambanci da ke zuwa daga yanayin tafiyar duniya a falakinta, wanda kan kai minti 16 a wasu watanni. An faɗa mata akwai shi, aka bar bayaninsa zuwa gaba.

A lissafi kuma aka koma kan gwargwado, amma ta inuwa. Idan sanda mai mita ɗaya ta yi inuwar santimita 60, bishiyar da inuwarta ta kai mita 4.2 a wannan lokacin nawa ne tsayinta? Karon farko ta koma ɗabi'arta ta tarawa: sanda ta fi inuwarta da santimita 40, saboda haka bishiya mita 4.6 ce. Uwar ba ta ce mata ta yi kuskure ba. Ta sa ta kafa sanduna uku masu tsawo daban-daban a jere, ta auna inuwar kowacce, ta rubuta a jadawali. Sanda mai santimita 50 ta ba da inuwar 30. Yarinyar ta daɗe tana kallon lambobin, domin bisa hanyarta 10 ya kamata ta gani. Ta sake aunawa, ta sake samun 30. Sannan ta ce, "Umma, rabi ne. Sandar ta zama rabi, inuwar ma ta zama rabi." Ta koma kan bishiyar da kanta ta sami mita 7. An sha faɗa mata wannan ƙa'ida a littafi, amma gani ya kori ji.

Ranar awo ta zo, sama garau. Inuwa mafi gajarta ta tsaya a santimita 19 da rabi. Tunda ba ta kai matakin lissafin kusurwoyi na babbar sakandare ba, sai ta zana hoton a takarda da ma'aunin 1:10, sanda santimita 10, inuwa kusan 2, ta haɗa ƙarshensu da rula, ta ɗora ma'aunin kusurwa, ta karanta digiri 11. Wato ita da kanta ta yi ƙaramar taswira, abin da ya gagare ta a farko. A littafin taswirori, a shafi mai ma'aunin 1:20,000,000, ta auna daga inda suke zuwa ikwaita ta sami santimita 6.5. Wannan karon ta tsaya ta fara tambayar kanta santimita ɗaya kilomita nawa ne, ta sami 200, ta ninka ta sami kilomita 1,300. Ta raba 360 da 11, ta ninka da 1,300, ta sami kimanin kilomita 42,500.

Sai a lokacin aka faɗa mata cewa kewayen duniya ta ƙurewar arewa da ta kudu kilomita 40,008 ne, ta ikwaita kuma 40,075. Ta wuce da kusan kashi 6 cikin ɗari. Uwar ta yi murna, yarinyar kuwa ranta bai so ba, domin ta saba da amsa ko daidai ko kuskure. Aikin kimiyya na gaba sai ya zama neman inda kuskuren ya shigo. Ta lissafo abubuwa da dama: ƙarshen inuwa ba shi da kaifi, allin yana da kauri, ƙasan ba lallai ne ya shimfiɗu sosai ba. Da aka rataya igiya mai ɗan dutse a ƙarshenta kusa da sandar, aka ga sandar ta ɗan karkata. Ta gyara, ta sake awo washegari, tunda a kwana ɗaya rana ba ta gusawa da ya kai rabin digiri. Inuwar ta ba da santimita 21, kusurwa kusan digiri 12, amsa kilomita 39,000. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne yadda digiri ɗaya tak ya motsa amsar da kilomita 3,500.

Akwai rauni a aikin da ya kamata a faɗa, kuma an faɗa mata. Nisan da ta ɗauko daga littafin taswirori, waɗanda suka zana shi sun riga sun san girman duniya. Eratostenis ba shi da wannan gata, da tazarar da aka auna a ƙasa ya dogara. Ina ganin yaro ɗan shekara 12 ya isa a gaya masa irin wannan gaskiyar, domin sanin inda hujjarka ta yi rauni yana cikin abin da ake kira kimiyya.

Abin da bai tafi daidai ba

Aikin ya ci lokaci fiye da yadda aka tsara, kuma abin da ya fara shan wahala shi ne atisayen lissafi na kullum. Uwar, da ta ga 'yarta na ɗoki, sai ta saki takardun gaba ɗaya. Bayan wata guda aka lura rabawa mai tsawo ta soma yi wa yarinyar nauyi, tana tsayawa tana lalube a inda da take wucewa a guje. Fahimta ba ta maye gurbin maimaitawa. Aka dawo da atisaye, amma da sabon fasali: minti ashirin kullum, tambayoyi goma zuwa goma sha biyu, a gauraye, biyu daga darasin yau, sauran daga makon jiya da watan jiya, ba tare da an rubuta sunan hanya a sama ba. Doug Rohrer da abokan aikinsa sun gwada irin wannan gaurayawar a kan ɗaliban aji bakwai a Amurka, suka ga waɗanda suka yi ta sun fi tuna abin a jarrabawar da aka yi daga baya. Haka nan binciken Roediger da Karpicke na 2006 ya nuna cewa ƙoƙarin tuno abu daga ka ya fi sake karanta shi zaunar da shi.

Makinta ya faɗi nan take, daga tara cikin goma zuwa shida ko bakwai. Wannan ya yi wa su biyun zafi. Yarinyar ta yi kuka, ta ce da can ta iya yanzu an mai da ita ba ta iya ba. Uwar ma ta yi shakka, ta tambaye ni ko ba za a koma tsohuwar hanya ba. Abin da na ce mata shi ne shidan nan gaskiya yake faɗa, kuma yana nuna mata daidai inda za ta koma gobe, taran baya kuwa bai taɓa nuna mata komai ba. Aka ƙara wata doka: kowace rana yarinyar za ta zaɓi tambaya ɗaya ta yi bayaninta da baka kamar tana koya wa ƙaramin yaro, kuma kafin ta fara kowane lissafi za ta rubuta ƙiyasin amsar a gefe. Dokar ƙiyasin nan ita ce maganin kilomita 350,000.

Wahala ta biyu daga wajen uwar ta fito. Ba ta iya jure ganin 'yarta ta maƙale. Da ta ga ta yi shiru tana tauna biro, sai ta matso ta ce a ninka nan, a raba can. Niyya mai kyau ce, amma tana ƙwace wa yarinyar daidai ɓangaren aikin da ake son ta yi. Suka yi yarjejeniya: idan ta maƙale, za ta rubuta abin da ta sani da abin da ake nema, ta gwada hanya ɗaya, sannan ta kira. Uwar kuma tambaya kawai za ta yi. Har yanzu takan saɓa, musamman idan ta gaji.

Rubuta rahoton kimiyya kuwa bai karɓu ba sam da farko. An ba ta fom mai gurabe da yawa, ta cike shi da gajerun kalmomi don ta huta. Aka jefar da fom ɗin, aka bar mata tambayoyi uku: me na zata, me na gani, me zai iya sa awona ya kauce. Rubutun ya gyaru, ko da yake har yau tana gaggawa a ta ukun.

Gwajin da ya nuna ko abin ya zauna

Yin aiki ɗaya da kyau bai isa hujja ba, tunda an taimaka mata a hanya. Saboda haka bayan wasu makonni aka ba ta tambayoyin da ba su da alaƙa da sanda ko inuwa, aka bar ta ita kaɗai.

Ta farko a kan Dutsen Kilimanjaro ce, mai tsayin mita 5,895, wanda ke kimanin digiri 3 kudu da ikwaita amma da ƙanƙara a kansa. Aka gaya mata zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Celsius a duk mita 1,000 da aka hau. Idan a bakin teku zafi ya kai digiri 30, nawa za a sa ran samu a ƙololuwar? Ta rubuta ƙiyasi a gefe: kusan shida sau shida da rabi, wajen 39. Ta yi lissafin ta sami 38 da 'yan kai, ta ɗebe daga 30, ta tsaya, domin amsar ta faɗa ƙasa da sifiri. Ta zana layin lambobi ta ƙirga baya ta isa 8 ƙasa da sifiri. A ƙasa ta ƙara da rubutunta cewa shi ya sa ƙanƙarar ba ta narkewa da wuri.

Ta biyu a kan taswirar Mercator ce, wadda aka fitar a 1569 don amfanin matuƙan jiragen ruwa, wadda kuma ke nuna tsibirin Girinland, da ke can arewacin duniya, kamar ya yi girman Afirka. Aka ba ta lambobin: Afirka murabba'in kilomita miliyan 30 da ɗoriya, Girinland miliyan 2 da ɗoriya. Ta ce Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Da can cewa za ta yi ta fi ta da miliyan 28 ta tsaya nan. Ta kuma ɗauko ƙwallon taswirar duniya ta gwada da zare, ta ga layukan tsaye na matsewa yayin da suke nufar arewa, alhali a taswirar shimfiɗe an ware su.

Tambayar lokutan zafi da sanyi ita ce ta fi taurin kai. An yi gwajin tocila da ƙwallo a ɗaki mai duhu, an karkata ƙwallon digiri 23 da rabi, ta ga yadda haske ke taruwa a wuri ɗaya ya bazu a wani. An nuna mata cewa duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, ta fi nisa a farkon Yuli, kimanin miliyan 152, kuma a Janairun nan arewacin duniya na cikin sanyi yayin da Ostareliya ke cikin zafi. Ta yarda, ta yi bayani daidai. Bayan wata guda aka sake tambayarta ba shiri, ta fara da cewa karkatar ce ke sa wani ɓangare ya matso kusa da rana. Tsohon tunanin bai mutu ba, ya sake shigowa ta wata ƙofa. An mayar da tambayar cikin jerin waɗanda za a riƙa dawowa kansu, tare da aikin auna inuwar tsakar rana sau ɗaya a wata har shekara ta zagayo, don ta ga da idonta cewa kusurwar hasken ce ke canzawa.

A yanzu fayil ɗin ya rage kyan gani. Akwai gogewa, akwai ƙiyasi a gefen shafi, akwai jadawalin awo da aka soke aka sake. Uwar na rubuta layi biyu ko uku a ƙarshen kowane mako a kan abin da yarinyar ta iya bayyanawa da baka da abin da ta kasa. Wannan rubutu yana da amfani ko ta fuskar doka, domin ƙasashe sun bambanta a kan karatun gida: Jamus ta hana shi, Faransa tun 2022 sai da izini, a Amurka kowace jiha da nata sharuɗɗan, wasu kuma na neman a nuna aikin da yaro ya yi.

Raba sashe da sashe har yanzu bai zauna mata ba. Tana iya juya na biyu ta ninka, amma idan aka tambaye ta rubu'i nawa ne a cikin ɗaya da rabi sai ta zana kafin ta ce shida, kuma ba ta haɗa zanen da ƙa'idar ba tukuna. Shi ne aikin zangon da ke tafe, kafin a shiga aljabara. An kuma shirya cewa a ƙarshen zangon wani malami da bai san ta ba zai yi mata jarrabawa a darussan uku, rabi a rubuce rabi da baka, domin uwar ta lura cewa ta saba da fuskar 'yarta har takan karɓi rabin bayani a matsayin cikakke.